Babu Malam a Nan

Ranar Litinin ta farkon watan Maris, 1981, aka sauke kwamfuta a ofishin wani kamfanin auduga da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gombe. Kuɗin mai ne ya sayo ta, a zamanin da ake sayen abu tukuna, daga baya a tambayi amfaninsa.

Shekara goma sha tara Malam Inuwa yana riƙe da ɗakin fayil. Ko ido rufe, ya san kabad ɗin da manoman Kumo suke da wanda na Dukku suke. Ya karanta littattafan da manaja bai taɓa jin sunansu ba. Amma da aka tashi tura mutum Kaduna koyon na'urar, matarsa Saudatu mai buga tafireta aka tura. Mako shida yana cin tuwon maƙwabta a unguwarsu ta Jekadafari.

Bayan ta dawo da wata biyu, ta kira shi gaban baƙin gilashin nan mai koren rubutu.

"Malam, na buɗe maka folda da sunanka. Buga c da d, sannan sunan, ka shiga."

Ya gyara tabarau, ya buga da yatsa ɗaya: cd Malam Inuwa. Na'ura ta amsa da gajeren Turanci. Yuguda masinja ya leƙo ta bayan kafaɗarsa.

"Me ta ce, Saudatu?"

Ta danne dariya, dariyar ta ƙi dannuwa. "Wai babu Malam a nan."

"Allahu akbar! Ƙarfe ma ya gane!" in ji Yuguda. Ofis ya ɗauki dariya gaba ɗaya, har manaja ya fito.

"Laifina ne, na manta ban gaya maka wani abu ba," ta ce. "Zauna in nuna maka."

"Ki nuna wa wanda ya aike ki Kaduna."

Bai sake kusantar teburin ba. Sau uku ta tayar da maganar, biyu a bayan Vespa suna komawa gida, ɗaya tana miƙa masa fura. Duk ukun ya yi kamar da bango take magana. Da daminar shekarar ta kankama, zazzaɓin kwana huɗu ya yi ajalinta.

Shekara ta zagayo, arzikin mai ya ja baya, kamfani ya fara tattara komatsai. Aka turo Jesse, injiniya ɗan Kaltungo, ya kwance na'urar. Inuwa ya tsaya a kansa har mutumin ya ɗago.

"Kafin ka zare waya, akwai folda mai sunana. Ta ƙi ni."

Jesse ya duba. "Baba, ba ƙinka ta yi ba. Tazarar da ke tsakanin Malam da Inuwa ce. Ita in ta ga fili, sai ta ɗauka suna ya ƙare. Sa alamar buɗe magana a gaba, ta rufewa a baya, ta san abu ɗaya ne."

Shi ke nan. Alamomi biyu, waɗanda ya sani tun yana aji uku a elementare.

Ya buga, ta buɗe. Ɗakinsa ne gaba ɗaya a ciki: kabad na ɗaya har na goma sha huɗu, Kumo a inda yake sa Kumo, har fayil ɗin nan na Ɗantala da yake ajiyewa a ƙarƙashin T don wani dalili nasa da bai taɓa gaya wa kowa ba. A ƙasa ta bar layi biyu: "Na jera su yadda kake jerawa, don kada kowa ya iya nemo komai sai ya tambaye ka. Ka duba ko na yi kuskure."

Ya duba. Jesse ya tafi cin abinci ya dawo, aka kira la'asar, Inuwa yana nan yana bin layi da yatsa, yana neman kuskuren da dukan ƙarfinsa. Da ya kai ƙarshe ya cire tabarau, ya ce wa Jesse ya zare wayarsa.

Amsar tana bakinsa, kuma ba doguwa ba ce: Saudatu, ban sami ko ɗaya ba.