Harafin da Ya Faɗi

"Kowa ya kwafa ya miƙa baya, kuma ban da leƙen ta farko," in ji Malama, tana ƙwanƙwasa tebur da alli.

Shekara goma sha ɗaya tana koyar da ilimin halittu, kuma duk shekara haka take shiga darasin DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta. Takan rubuta haruffa talatin a 'yar takarda, A da T da G da C a cakuɗe, ta ba na gaba. Shi ya kwafa ya ba na bayansa kwafin, har a dangana da bango, sannan a gwada ta farko da ta ƙarshe. Ba su taɓa zuwa daidai ba. A da babu darasin da ta fi so kamarsa, don takan bi layi ta zaƙulo mai kuskuren, aji ya yi ta sheƙa dariya.

Yau kuwa hankalinta na kan jakarta. Akwai ambulan a ciki da ta karɓo daga asibiti da safe, sakamakon gwajin jinin ƙaramin ɗanta Auta, kuma ta kasa buɗewa. Babban ɗanta, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, shekararsa goma, bara ya daina tafiya. Likita ya ce tsokarsa ba ta samun wani furotin da ke riƙe ta, kuma ta wajen uwa abin ke zuwa. Duk namijin da ta haifa, ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Auta bai cika huɗu ba.

Takarda ta dawo da haruffa ashirin da tara. Malama ta rubuta duka biyun a allo, ta rarraba su uku-uku.

"Haka ƙwayar halitta ke karantawa. Kowane uku tubali ɗaya ne na furotin. Ku duba, harafi ɗaya ya faɗi a nan, duk na bayansa sun goce. Ginin ya tashi a banza."

Ba sai ta bi layi ba. Yarinyar benci na huɗu, wadda ko tari ba a cika jin ta yi ba, ta riga ta sunkuyar da kai.

"Wallahi Malama sau biyu na duba."

"Na sani. Ba laifinki ba ne."

Da bakinta ta faɗa, amma muryar likita ta ji, don abin da ya faɗa mata ke nan ita ma. Yarinyar ba ta ɗago ba, kuma Malama ba ta ga laifinta ba, ta san iyakar amfanin wannan magana.

Sarkin surutun aji ya ɗaga hannu daga baya. "To Malama, tunda an gano, ba sai a mayar da harafin ba?"

"A takarda, e."

"A jiki fa?"

"Jiki yakan gyara da yawa nan take. Wanda ya kuɓuce masa kuwa, haka za a yi ta kwafarsa."

Aji ya jira barkwancin da ta saba rufewa da shi. Sai kawai ta ɗauki tsumma ta goge allo.

Da la'asar ta tarar da maigidan yana sauke Yaya daga kekensa na guragu zuwa kujera, yana nishi.

"Kin karɓo?"

"Na karɓo."

"Me suka ce?"

"Ban buɗe ba. Tsoro nake ji, Baban Yaya."

"Bari in wanke hannu mu buɗe tare," ya ce, ya shige ba tare da ya dube ta ba.

Auta na zaune a ƙasa yana tura motar roba. Da ya hango ta sai ya yi ihun murna, ya yunƙura zai taso. Ya juya ya kifa ciki. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya turo ƙugu sama, ƙafafu a ware. Sannan ya ɗora hannu ɗaya a gwiwa, ɗayan a cinya, yana hawan jikinsa a hankali kamar mai hawan tsani, har ya miƙe. Malama ta san wannan tashin. Shekara shida da suka wuce ta ɗauki Yaya hoto yana irinsa, tana dariya.

"Umma, kin gani?" in ji Yaya, fuskarsa cike da alfahari. "Irin tashina yake yi! Kuma wallahi ban koya masa ba."

Maigidan ya fito yana goge hannu a jikin riga. "Ina takardar?"

Auta ya iso ya rungume ƙafarta, yana haki, yana jiran yabo.

"Umma, ki tafa masa mana," in ji Yaya.

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta tafa.