Irin Alayyafon Inna Haulatu

Ina shigowa da bokitin ruwa na tarar da Jafaru tsaye a cikin alayyafon uwarsa, ya naɗe ƙafar wando, yana sara da fartanya. Gawar Inna Haulatu tana ɗaki, ko wanka ba a yi mata ba.

"Jafaru, me kake yi haka?"

"Ramin ruwan wankan gawa, Yaya Shatu. Ko'ina ƙasa ta yi tauri, nan ne kaɗai ke da laushi."

Ai dole wurin ya yi laushi. Katanga ɗaya ce tsakanina da Inna Haulatu a nan Daura, na san yadda laushin ya samu. Cikin bazara, lokacin da rijiyar unguwa take komawa laka, tsohuwar nan ba ta zubar da ko ɗigo. Ruwan alwala a kwano take tara shi, na wankin gero ma haka, sai rana ta yi sanyi ta bi tushe-tushe tana zubawa. Shi kuwa Jafaru, da tun da aka ƙaddamar da Shari'a ba shi da zance a majalisa sai haƙƙin iyaye, ban taɓa ganin ya sauke mata jarka ɗaya daga babur ɗinsa ba.

Tana ci, tana aika wa maƙwabta, amma layin jikin katanga ba a taɓa shi. Na iri ne, mai jan kara, wanda ta zo da shi daga Sandamu tun tana amarya. Kowace shekara sai ta bar wasu su yi kai su bushe, ta murje ta adana. Bana shukar farko ta ƙone, ta juye duk abin da ya rage a ƙullinta ta sake shukawa. Da ciwo ya kwantar da ita, ni ta bar wa ban ruwa. Ranar da na yi mata ganin ƙarshe, da kyar muryarta take fita.

"Shatu, kada ki bari a taɓa na jikin katanga. Bai nuna ba tukuna. In ya bushe ki murje, ki raba wa mata."

Na ce mata to.

Daidai layin nan Jafaru yake tona. Na gaya masa wasiyyar uwarsa, na ce ya ba ni fartanyar in haƙa can gefen banɗaki, ko da hannuna zai yi kanta. Ya ce ganye ne fa, ga shi jibge a kasuwa, ga zafi, mutane suna jira a waje. Ko ɗagowa bai yi ba. Matarsa Ikilima tana biye da shi tana kwashe abin da ya tumɓuke, wai kada a yi asara, a yi wa masu gaisuwa miya.

Ni na wanke Inna Haulatu. Ni kuma na fito da ruwan da hannuna na juye a ramin, don babu wani wurin. Ban taɓa jin ƙyamar mutane kamar ranar nan ba.

Bayan la'asar aka kawo tuwo. Mata suna lasar yatsa suna cewa Allah ya jiƙan Inna, alayyafonta ba irin na kasuwa ba ne, ko akwai wadda ta samu iri a wurinta? Ikilima ta ce su tambaye ni. Na ture kwanon na fita.

A juji na tsinto kawunan alayyafon da aka zubar, na riga awaki zuwa. Na kai gida na zauna, na murza su a kan faifai ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙwaya baƙa ko ɗaya, sai ɗanyen ƙaiƙayi da koren ruwa da ya ɓata mini tafin hannu.