Kafin A Yanki Ciyawa

"Gaskiya tsoro nake ji, Kawu Orval," in ji Wendell, bindigar Orval a kan cinyarsa. "Ba ƙarar ba. Tsorona kada in same ta a ciki, ta ja jiki ta koma rami ta yi kwana uku tana mutuwa."

Tsohon ya gyara robar iskar da ke hancinsa, ya yi dariyar da ta ƙare da tari. "Ji mai difloma! Shekara biyu kana karatun noma ba su koya maka kashe gafiya ba? To me kuke yi mata a can, wasiƙa kuke rubuta mata?"

Suna zaune ne a barandar bayan gidan Orval Tackett da yamma, lambu a gabansu, tudun dajin a bayan lambun. Wendell Sizemore maƙwabcinsa ne, shingen waya kawai ya raba su. Tun da ƙurar ramin kwal ta cinye huhun tsohon, hannunsa kuma ya kama rawa, Wendell ne ke yi masa aikin lambu. A bana kunya huɗu kawai suka shuka, duka waken marigayiya Opal, matar Orval, irin da ta gada daga kakarta, wanda babu shi a kowane kanti. Bara gafiya, irin ta ƙasarsu mai haƙa rami tana kiwo da rana, ta cinye kusan duka. Ɗan abin da ya rage a gindin kwalba shi suka zuba a ƙasa, kwalbar kuma yanzu babu ko ƙwaya. Sun kafa waya, ta haƙa ta ƙarƙashi. Sun ɗana tarko, ta kewaye shi.

"Dabarar ɗaya ce," in ji Orval. "Ka yi mata fito da baki. Sai ta miƙe a kan ƙafa biyu ta duba wane ne. Numfashi ɗaya take ba ka."

"Ai ka san ban iya fito ba."

"Na sani, ɗana. Wannan ma babu shi a diflomar. Ni zan yi, kai ka harba."

Ba a jima ba ta ɓullo daga gindin tsohon rumbu, ƙatuwa, ruwan ƙasa, tana tafiya kamar mai gidan. Orval ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa, ya yi fito siriri, gajere. Ta miƙe tsaye. Wendell ya sa ido a madubin bindiga, ya same ta sarai, ya kuma ga abin da bai so gani ba: nonuwanta a cike suke. Yatsansa ya sandare a kan kunama. Numfashin nan ɗaya ya wuce, ta sunkuya ta shige cikin wake.

"Ta kauce mini," in ji shi.

Tsohon bai dube shi ba. "Ba ka iya fito ba, ba ka iya ƙarya ba. Tana shayarwa, ko?"

"Kai ka koya mini, Kawu. Ba a harbinsu sai an yi yankan ciyawa na farko, 'ya'yan sun fara kiwo da kansu."

"Dokar ubana ce, ban taɓa karya ta ba." Ya daɗe yana neman iska. "Amma ni ba zan kai yankan ciyawa ba, Wendell. Waken ma ba zai kai ba. Me zan ce wa Opal?"

Wendell ya cire harsashi cikin natsuwa, ya duba sau biyu kamar yadda yake duba komai, ya jingina bindigar a bango, ya koma gida.

Cikin mako guda kunya biyu suka zama kututture. Kullum da safe yakan kai wa tsohon kofi da burodin masara, kullum kuma ba a tayar da zancen. Safiyar Talata ya tsallaka shinge da kofin a hannu, ya hango shi a kujerarsa ta baranda, ya yi masa magana daga nesa.

"Kawu Orval, ka fito da sanyin nan babu ko bargo?"

Bindigar na kwance a kan gwiwoyinsa. Harsashin yana ƙasa kusa da takalminsa, inda ya suɓuce wa yatsun da suka kasa saka shi. Robar iska tana ta huci ita kaɗai. Leɓunansa kuwa a tsuke suke, kamar wanda aka katse yana shirin yin fito.

Bayan an binne shi a bayan coci kusa da Opal, 'yarsa Darlene, wadda ta zo daga birni, ta miƙa wa Wendell bindigar a naɗe cikin tsohon bargo.

"Baba ya ce taka ce. Ni dai ka raba ni da ita, don Allah. Gidan sai kaka za mu sayar, ka yi yadda ka ga dama da lambun." Ta share hanci. "Waken Mama ya rayu kuwa?"

"Saura tushe tara," ya ce, kansa a ƙasa.

Ya bar bindigar a naɗe cikin gidan tsohon, bai ƙara taɓa ta ba. Ya ƙara waya, ya danne gindinta da duwatsu, da safe ya tarar da sabon rami, saura tushe bakwai. Idan ya rufe ido, bakin nan tsukakke yake gani.

Wata yamma yana zaune a matakalar barandar, kujerar tsohon babu kowa a bayansa, sai ya ji ƙarar injin yankan ciyawa daga gonar da ke ƙasan kwari, ƙanshin ɗanyar ciyawa yana hawowa. A gindin rumbu 'yan gafiya uku suna tsinkar ganye da bakinsu. Uwar ta bar su, ta nufi kunyar ƙarshe. Ya shiga ciki ya kwance bargon, ya saka harsashi, ya dawo ya zauna. Ya tsuke baki, iska kawai ta fita. Ya sake gwadawa, babu komai.

Sai aka yi fito, siriri, gajere.

Ya san gafiyoyin nan ma suna yin irinsa idan sun tsorata, ya karanta, ya kuma ji da kunnensa. Amma idan sun yi, rami suke faɗawa. Wannan kuwa miƙewa ta yi a kan ƙafa biyu, ganyen wake a bakinta, tana kallon baranda. Ba shi take kallo ba, bayansa take kallo.

Wendell bai waiwaya ba. Ya ɗora bindigar a kafaɗa, gumi yana bin ƙeyarsa.

"Na ji, Kawu Orval," ya ce da ƙarfi. "An yanki ciyawa. Yau zan harba."

Gafiyar tana nan tsaye cikin hasken yamma, ganyen yana ɗan motsi a bakinta.