'Ya'yan Riƙo Ba Sa Ciki

Tun hantsi ake abu ɗaya a zauren wani otal da ke Nassarawa GRA, ga shi har la'asar ta kawo jiki. Taron jin ra'ayi ne kan sabon tsarin inshorar lafiya na ma'aikata, wani gidan rediyo yana watsa shi kai tsaye. Shayi ya huce, masu jawabi kuwa ba su huce ba. Hajiya Sa'adatu, wakiliyar malaman makaranta, ta zare takalmanta a ƙarƙashin kujera. Ta gaji, gajiya irin ta wanda ya san an gama shawara kafin a kira shi.

Magana ɗaya ce ta hana ta tafiya gida. Sabon tsarin ya ce inshora za ta ɗauki ma'aikaci da iyalinsa, amma 'ya'yan da ya haifa kawai. Ita kuwa Salwa 'yar ƙanenta ce, tun daga yaye aka kawo mata ita, ga ta da ciwon sikila. Tsohon tsarin bai taɓa tambayar wa ya haifi wa ba. Da shi ake kwantar da yarinyar a asibiti duk lokacin da ciwon ya tashi, da shi ake ƙara mata jini.

Malam Aƙilu, shugaban kwamitin, mutum ne mai son jin muryarsa. Ya gyara zaman hula ya ce, "Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. In aka buɗe wannan ƙofa, kowa zai kwaso 'ya'yan dangi. Abin da ake cira a albashinku sai ya ninka. Kun yarda?"

Aka yi ta gunaguni, ba wanda ya yarda.

Mista Cornelius, akawu ne mutumin Zariya, ya ɗaga hannu da kyakkyawar niyya. "Ranka ya daɗe, a sauƙaƙa mana. Duk wanda yake riƙe da ɗan da ba shi ya haifa ba ya miƙe, mu ga yawansu."

Ba wanda ya miƙe. Sa'adatu ta waiga. Ta san aƙalla rabin mutanen nan, ta san gidajensu, ta san 'ya'yan 'yan uwa da ke ci a kwano ɗaya da nasu. Amma wa zai tashi a bainar jama'a ya ware ɗan riƙo ya ce ba nasa ba ne? Ai ɗa na kowa ne, kuma abin da ba a faɗa a tsakar gida ba a faɗar sa a rediyo. Kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya.

"To kun gani," in ji Malam Aƙilu. "Ba wanda abin ya shafa."

Haushi ya kama ta, har ta manta ba takalmi a ƙafarta. Ta miƙe, aka miƙo mata makirfo.

"Ya shafe ni. Ina da yarinya mai sikila, Salwa. Ba ni na haife ta ba. In kun cire ta, ban san inda zan kai ta ba."

Ta zauna. Ba wanda ya biyo bayanta. Malam Aƙilu ya ce Allah ya ba yarinyar lafiya, kwamiti zai duba, sannan ya kira mai jawabi na gaba.

Ana kiran magariba ta isa gida a Kawaji. Salwa na zaune a kan tabarma, rediyo a gefenta a kashe. Tun da ta iya magana Umma take ce wa Sa'adatu. Ta taso a hankali ta karɓi jakar hannunta, ba ta ɗago kai ba.

"Sannu da zuwa, Gwaggo."