Fuskar Hajo a Bangon Zaure

A unguwar Ƙofar Marusa, cikin shekarun da kuɗin mai suka fara malalowa Katsina, an yi wani maƙerin gwangwani mai suna Sammani, shi da 'yarsa guda ɗaya, Ladi. Su biyu ne a gidan, sai wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ke tuƙa masu tuwo. Abu biyu suka rasa. Na farko ciniki. A da Sammani ba ya zama, kullum yana kan yin aci-balbal da mazurari da indararo, amma da robobi da fitilun ƙwai suka cika Babbar Kasuwa sai aka daina nemansa. Na biyun shi ya fi ciwo. Hajo, uwar Ladi, ta rasu Ladi na da shekara shida, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don ba ta taɓa zama gaban mai hoto ba.

Ladi na da shekara tara ta gaya wa babanta abin da ke damunta. Tana tsince masa murafun kwalba a zaure, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce tana tuna muryar Inna, tana tuna ƙanshin man shanun da take shafa mata a ka, amma fuskar ta fara ɓace mata. In ta rufe ido sai ta ga ɗankwali, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Sammani ya tsayar da aiki. Ya ajiye almakashinsa, ya daɗe yana kallon ƙofa.

Washegari ya shafe bangon gabas na zauren da farar ƙasa, ya kawo wani faffaɗan katako ya ajiye a tsakiya. Wata huɗu yana aiki a kansa. Yakan yanki gwangwanin madara ya lanƙwasa, ya kafa shi da ƙusa, ya ɗaura wayar keke, ya liƙa guntun kwanon rufi da dalma. Da hantsi yake yanka, amma ba ya kafa komai sai bayan la'asar, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofar zauren. Masu wucewa suka ce rashin ciniki ya taɓa Sammani, ya koma tara juji. Ladi ma juji take gani, amma ba ta faɗa ba.

Wata Laraba ya dawo daga sallar la'asar, ya shimfiɗa buhu ya ce ta zauna.

"Bango za ki duba, ba katakon ba," in ji shi.

Rana ta sauko, haske ya ratsa ta cikin gwangwanayen, inuwa ta taru a kan farar ƙasa. Ga goshi, ga ɗan gajeren hanci, ga leɓen ƙasa da ya ɗan turo kamar za ta yi magana, ga ɗaurin ɗankwali ya karkata baya. Ladi ta tashi ta je ta ɗora tafin hannunta a kan kumatun, sai inuwar hannunta ta rufe wurin, ta yi sauri ta janye. Ba a daɗe ba rana ta faɗa bayan ganuwa, fuskar ta narke.

Tun daga ranar, Ladi ba ta yin nisa da gida bayan la'asar. Da yake rana na sauya hanya daga wata zuwa wata, Sammani yakan ɗan juya katakon kaɗan, ya yi alama da gawayi a ƙasa. Wani maƙwabci ya taɓa yi masa magana a kan yin surar mutum, Sammani ya amsa masa da ladabi cewa shi gwangwani kawai ya jera, sauran aikin na rana ne.

Labari ya kai kunnen Alhaji Dabo. Shi taubashin Sammani ne, uwar Sammani da uban Dabo ciki ɗaya suka fito. Tare suka tashi, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kamar yadda taubasai ke yi, kuma kowa ya san ƙa'idar wannan wasa: duk abin da taubashinka ya faɗa maka ba ka fushi, in ka yi fushi kai za a yi wa dariya. Amma yanzu Dabo ya zama ɗan kwangila, ya je Makka, ya sayi Marsandi, ya gina bene, wasan ya koma gefe ɗaya.

Ya zo da la'asar, motarsa ta toshe lungu. Aka yi doguwar gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya gajiya, ya kasuwa. Da inuwar ta fito sai Alhaji ya ƙura mata ido, don ya san Hajo, kuma ya gane ta. Daga baya ya kece da dariya, ya ce ran Asabar zai yi walimar sabon gida, manyan baƙi za su zo daga Kaduna da Kano, sun ga komai a duniya amma ba su taɓa ganin wannan ba. A ba shi aron katakon.

Sammani ya yi masa bayani a hankali. Ya ce abin ba ya son ɗauka, waya ɗaya in ta goce fuskar ta lalace. Ya ce rana daga nesa take haskowa, fitila kuwa a kusa take, inuwarsu ba ɗaya ba ce.

"Mi kake nufi, rana ta fi lantarkina?" in ji Alhaji. "Kai bawana, yaushe bawa ya fara hana ubangidanshi aro?"

Sai ya kawo zancen gidaje arba'in da yake ginawa, ya ce duka suna buƙatar indararo, kuma bai ga wanda zai ba aikin ba sai ɗan'uwansa. Sammani ya dubi almakashinsa da ya yi tsatsa, ya dubi Ladi. Ita ta girgiza masa kai. Ya kawar da ido, ya ce to.

Ran Asabar da hantsi leburori huɗu suka zo da akori-kura. Sammani ya roƙe su su riƙe katakon a hannu, suka ce suna da sauran aiki. Suka jefa shi baya tare da kujerun haya, motar ta riƙa faɗawa ramuka, Ladi da babanta na zaune a gefe suna jin gwangwanaye na kuka.

Bayan azahar falon Alhaji ya cika da manyan riguna. Ladi ta laɓe bakin ƙofa cikin yaran gidan. Ba ta taɓa ganin ɗaki irin wannan ba, fanka na juyawa a sama, kujeru masu laushi, kwalaben lemo a kan tebur. An ɗora katakon a tsakiya, Sammani na durƙushe gabansa yana ƙoƙarin miƙar da wayoyin da suka lanƙwashe. Ya nemi a ba shi lokaci, Alhaji ya ce baƙi ba sa jira. Ya sa aka ja labule, aka kashe ƙwayayen lantarki, ya ɗauko wata ƙatuwar tocila da ya sayo a hanyar Makka, ya haska.

Inuwar ta hau bango har rufi. Hancin ya zazzago ya lanƙwasa kamar lauje, haɓar ta yi tsini, ɗaurin ɗankwalin ya rabu biyu ya miƙe kamar ƙaho. Sai wani mai ƙaton ciki ya tambaya ko wannan ita ce matar Sammani, dariya ta ɓarke.

Alhaji bai ji kunya ba. Ya ga baƙinsa na dariya, abin da yake so ke nan. Ya ɗaga tocilar sama ya sauke, sai bakin inuwar ya buɗe ya rufe. Ya maƙe murya kamar ta tsohuwa.

"Sammani, ina cefane? Gwangwani za mu ci yau ma?"

Wani ya ƙware da lemo, wani ya riƙe ciki. Alhaji ya ƙara kaɗa tocilar, inuwar ta yi rawa a bango, ya sa ta ta roƙi baƙi sadaka, ya sa ta ta ce ko a lahira ta fi samun tuwo. Wani baƙo ya ce wallahi in ya gamu da wannan a lungu sai ya zubar da takalmansa.

Ladi na kallon bayan babanta. Ta ga ya miƙe tsaye, ta ga hannunsa ya dunƙule, ta ɗauka zai ɗauke katakon su tafi. Alhaji ma ya gani. Ya juyo da tocilar ya haske masa fuska.

"Jama'a ku duba mani, halan fushi yake da taubashinshi?"

Kowa ya juyo yana jira. Sammani ya ƙifta ido cikin hasken. Sai ya buɗe baki ya yi dariya, wata siririyar dariya da Ladi ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba. Baƙi suka tafa masa, suka ce wannan shi ne ɗan halas, ya san wasa. Alhaji ya mayar da hasken bango ya ci gaba. Ladi ta so ta rufe ido amma ta kasa, ta kalla har aka gaji aka buɗe labule, aka shigo da shinkafa.

A baro suka maido katakon gida, Sammani na turawa, Ladi na biye tana tsince abin da ya faɗo. Zancen indararo kuwa bai sake tasowa ba, daga baya suka ji an sayo na kamfani daga Kano.

Sammani ya mayar da katakon kan alamar gawayi ya fara gyara. Mako uku yana yi. Goshin ya dawo, ɗankwalin ya dawo, amma hanci da baki suka ƙi. Ya lanƙwasa, ya miƙar, ya cire ya sa wani, kullum wata mace ce daban ke fitowa a bango. A karon farko daga cikin kansa ya ciro fuskar, yanzu in ya nema sai ya tsaya da awartaki a hannu har rana ta faɗi.

Wata la'asar ya kira Ladi, ya shimfiɗa mata buhu kamar ranar farko.

"Ɗiyata, ke kin fi ni kallonta. Hancin nan haka yake, ko ya fi haka gajarta?"

Ladi ta dubi bango, ba ta san matar ba. Ta rufe ido don ta nemo ta gaskiyar, wadda ta yi wata da watanni tana kallo. Abin da ya zo mata shi ne dogon hanci mai lanƙwasa, da ƙaho biyu, da baki na buɗewa yana rufewa. Ta nemi muryar Inna, sai ta ji maƙaƙƙiyar muryar Alhaji tana tambayar cefane. Ta buɗe ido ta sake rufewa, shi ne dai ya dawo.

Babanta na jira, awartaki a hannunsa.

"Haka yake, Baba," in ji ta.

Ya gyaɗa kai, ya ajiye awartakin, ya ce alhamdulillahi, amma bai dubi bangon ba. Suka zauna har hasken ya janye. A ranar Ladi ta gane cewa fuskar uwarta ba za ta dawo ba, wadda aka yi wa dariya a falon Alhaji ita ce za ta riƙa gani duk lokacin da ta tuna Inna, kuma babanta ma ita yake gani.