Gwangwanin Fentin Warwick

Narelle ta taka birki a gefen titin da ke bin bakin teku zuwa garin Bicheno. Wata kangaru ce kwance, mota ta buge ta, kuma babu fenti a jikinta. Ba wanda ya duba ta ke nan.

Duk shekara ita da mijinta Warwick sukan bi hanyar nan, Asabar da Lahadi. Shi ke fita ya laluba aljihun cikin dabbar ko da ɗa, sannan ya fesa mata jan fenti don kada na baya su wahala. Ita kuwa tana cikin mota tana mita: ga teku Allah ya shimfiɗa, mutum sai kallon mushe. Bara aka binne shi. Gwangwanin fentin na nan a but ɗin motar.

Ta fita, ta durƙusa, ta kau da kai, ta zura hannu a aljihun dabbar. Wani abu mai ɗumi ya motsa.

Ta kira lambar masu jinyar namun daji da Warwick ya liƙa kusa da sitiyari. Wata dattijuwa mai suna Glenys ta ɗauka, Narelle ta faɗa mata ta sami ɗan kangaru da rai.

"Yana da gashi?"

"Kaɗan, kamar gemun saurayi."

"To, zai yi rai. Sa shi cikin rigarki, jiki da jiki. Ban da madarar shanu, ku mutanen birnin Hobart komai madara. Ki kashe rediyo, ƙara na halaka su."

"Tun safe rediyon ne abokin hirata."

"Yau ya yi haƙuri, ƙawata. Ki kawo min ɗan gida."

Narelle ta sa shi a riga, ta ci gaba da tuƙi shiru. Ƙananan farata na sosa mata haƙarƙari. Rabon da wani mai rai ya jingina da ita har ta manta.

A ƙofar gida Glenys ta karɓe shi, ta zura shi cikin wata jakar ulu, ta leƙa.

"Ɗan banza, har da harara. Kin fesa wa uwar fenti?"

"Na manta."

"Haba! Wani zai tsaya ya sa hannu a banza."

Narelle ta juya mota. Wurin da ɗan ya kwanta a jikinta ya yi sanyi. Ta ɗauko gwangwanin ta ajiye a kujerar Warwick, ba ta kunna rediyo ba. A hankali take tafiya, idonta a gefen titi. Sai da ta isa ta lura ko sau ɗaya ba ta dubi tekun ba.