Takalman Turmi

Baba Sito yana kankare sunan mai tsaron gida daga bayan riga da reza sa'ad da sakatare ya leƙo ɗakin kaya, ba ko sallama.

"Baba, jona dutsen guga. Yau lamba tara za ka buga."

"Wa za a sa wa? Sabuwar kujerar Shugaba?"

"An samo ɗan wasa. Daga waje."

Baba bai ɗago ba. Riga ta goma sha huɗu ke nan yana kankarewa tun da ƙungiyar ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Kyaftin, wanda ya sumbaci tambarin ƙungiya yana sharɓar hawaye ranar wasan ƙarshe, shi ya fara tattara komatsansa, har da tawul biyu da ba nasa ba. Koci ya bi bayansa. Likita ya ce zai je ya dawo, yau sati bakwai. Sababbin 'yan wasan da aka yi zawarcinsu kuwa, ɗaya ya zo ya ga fili, ya ce bari ya sayo ruwa, ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Saura kwana biyu a rufe kasuwar 'yan wasa, abin da Shugaba ya iya sayowa bai wuce kujera mai juyawa ba.

A bakin ƙofa magoya baya sun kwana uku suna zaman dirshan, shugabansu Mai Ganga yana gaba. Sun rantse in ba a kawo ɗan wasan gaba ba, sun daina sayen tikiti, su da rabinsu ta katanga suke shiga kallo.

Abu ɗaya ne bai lalace a ƙungiyar ba. Shekara talatin da ɗaya, ba a sa hannu da ɗan wasa sai ya zauna a bencin ɗakin kaya ya tuɓe takalmi, Baba ya riƙe ƙafarsa. Da awon takalmi abin ya fara, har ya zama doka, don Baba na taɓa idon sawu ya faɗa maka raunin da aka ɓoye. Yakan ce baki na ƙarya, takarda ta fi shi, amma ƙafa ba ta iya ba. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, gidan da yake ciki ma na surukinsa ne. Abin da ya mallaka a duniya shi ne in aka ce "Baba ya duba," magana ta ƙare.

Bayan azahar dillali ya shigo, turarensa ya riga shi. Yana tafe da wani dogon saurayi mai askakken kai, gemu rinanne ja, da baƙin tabarau.

"Ga Aradu," in ji dillali. "Ƙwallo ashirin da biyu a kakar wasa ɗaya. Ba ya jin yarenmu sosai, kada ka wahalar da shi da surutu. Bari in sauko da Shugaba."

Saurayin ya zauna ya zare takalmi kamar wanda za a cire wa ƙaya. Baba ya durƙusa ya ɗauki ƙafar dama, ya ajiye. Ya ɗauki ta hagu. Ɗan ƙaramin yatsa ya hau kan ɗan'uwansa, tafin kuma ya fi na dama faɗi. Baba ya ture wando sama, ya ga tabon ɗinki a gefen gwiwa, daidai inda ya san zai gan shi.

"Turmi," in ji Baba, a hankali.

Saurayin ya cire tabarau. "Baba, ka rufa min asiri."

Shekara huɗu da suka wuce ya buga wa ƙungiyar nan wasa biyar, duka daga benci. Gwiwarsa ta gurɗe, koci ya ce ya daure, ya daure har ta yage. 'Yan kallo suka laƙaba masa Turmi, wai inda aka ajiye shi nan ake tarar da shi, Mai Ganga kuwa ya jefe shi da kwalba ta fasa masa gira. Aka sallame shi da takarda mai layi biyu.

"Da gaske ka je waje?"

"Na tsallaka iyaka dai. Lodin kaya nake yi a tasha, ran hutu mu taɓa ƙwallo."

"Ashirin da biyun fa?"

"Dillali ne ya ƙirga."

"Gwiwar?"

"Tana kai ni minti ashirin. In babu sanyi, talatin." Ya sunkuyar da kai. "Kaka ɗaya kawai, Baba. 'Ya'yana biyu yanzu. Ba wanda ya gane ni. Shugaban nan da hannunsa ya kore ni, ɗazu ya rungume ni yana min magana da hannu kamar kurma."

Tausayi ya kama Baba. Ya miƙe ya ɗauko wasu takalma daga can saman kanta, ya kaɗe ƙura. Takalman Turmi ne na wancan lokacin. Baba ne ya buɗa na hagun da jiƙaƙƙiyar jarida da guntun katako, kwana uku, don kada ya matse wannan yatsan. Bai taɓa bai wa kowa su ba. Saurayin ya karɓa ya riƙe su a cinya, idonsa ya kawo ruwa.

Sai ga Shugaba ya shigo, tumbi a gaba, dillali da sakatare da mai hoto a baya.

"To, Baba, me ƙafa ta ce?"

Baba ya dubi saurayin, saurayin ya dube shi. Kalma ɗaya ce, "lafiya," kuma ba wanda zai kama shi sai an shiga fili. Ya buɗe baki da niyyar faɗinta, harshen da ya shekara talatin da ɗaya bai saba ba ya ƙi juyawa.

"Ranka ya daɗe, yaronmu ne. Turmi, wanda ka sallama. Gwiwar hagu ba za ta kai shi hutun rabin lokaci ba."

Dillali ya shiga laluben wayarsa. Saurayin ya ajiye takalman a gefe, ya mai da tabarau.

Shugaba ya ƙura wa saurayin ido, yana neman fuskar da bai taɓa kallo ba tun farko. Sai ya tuntsire da dariya.

"To sai me? Baba, ba ka jin gangar can? Gwiwa suka ce a kawo musu? Riga suke son gani da mutum a ciki." Ya juya ga mai hoto. "Ka ɗauka?"

"A'a, ranka ya daɗe, ya riga ya saki ƙafar."

"Baba, koma ka riƙe. Don hoton nan fa muka sauko."

Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Sakatare ya dafa kafaɗarsa ya danna shi ƙasa cikin ladabi, mai hoto ya haska sau uku. Dutsen guga ya riga ya yi zafi, aka miƙa masa riga, ya buga lamba tara, ya jera haruffa biyar na Aradu a samanta. Ko a lokacin bai iya sa su a karkace ba.

Da ya gama ya ɗauki tsofaffin takalman ya miƙa. "Ga su, ɗana. Sabon zai cije ka."

"Malam, ba ni sabo," in ji saurayin, yana kallon bango. "Lamba arba'in da uku."

Ta taga Baba ya ga sauran. Sakatare ya hau kujera a bakin ƙofa ya ɗaga waya sama da hoton a ciki.

"Baba Sito ya duba!"

Ihu ya tashi har tagar ta yi rawa. Waɗanda suka rantse sun bar ƙungiya suka shiga turereniyar taɓa rigar. Mai Ganga ya miƙa wa wani gangarsa, ya durƙusa ya saɓa Aradu a wuya, yana rantsuwa cewa ya sha kallon wasansa a talabijin. Don kada tauraron ya faɗo, ya damƙe gwiwar hagu da ƙarfinsa duka. Baba ya ga saurayin ya cije leɓe yana ɗaga wa jama'a hannu.

Ya zare wayar dutsen guga. Ya mai da takalman saman kanta, ya tura su can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Sannan ya zauna a benci ya jawo riga ta goma sha biyar, ya nemi inda ya ajiye reza.